Kisa cikin maye: ba baƙo ne yake faɗa wa baƙo ba

An daɗe ana ɗauka cewa kisan da ake yi cikin maye aikin wani bugagge ne da ya tare mai hankalinsa a hanya. Hakan yana faruwa, amma ba shi ne ya fi yawa ba.

Masanin laifuka Marvin Wolfgang ya bi diddigin kisan kai 588 da aka yi a birnin Filadalfiya na Amurka daga 1948 zuwa 1952. A kusan kashi 64 cikin ɗari, giya ta shiga maganar. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, a kusan kashi 44 cikin ɗari, mai kisan da mamacin duk sun sha. Yawancinsu kuma sun san juna: abokai, dangi, mata da miji. Gardama ce kan abin da bai taka kara ya karya ba, ga wuƙa a kusa.

Giya tana taƙaita tunani, mutum ba ya ganin komai sai zagin da ke gabansa, ya manta da kurkuku da iyali. Shi ma wanda za a kashe ba ya gane lokacin da ya kamata ya yi shiru ko ya gudu.

A Rasha, da Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, ya takura sayar da barasa a 1985, kisan kai ya ragu. Da aka saki takunkumin, ga kuma rugujewar Tarayyar Sobiyet, kisan ya yi tashin gwauron zabo a farkon shekarun 1990.