Kiɗan alternative metal: tambayoyin masu jita a unguwannin Nima da Maamobi na Akra

Wane irin kiɗa ne wannan?

Reshe ne na metal, kiɗa mai nauyin sautin jitar lantarki, da ya yi tashe a Amurka daga ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyoyin Faith No More da Helmet na cikin na farko, sai Tool da aka kafa a 1990 a Los Angeles, da System of a Down a 1994.

Ina 'yancin tunani a cikin wannan hayaniya?

A baiti yake, a tsarin kiɗan ma yake. Mawaƙan na ƙin bin yarima a sha kiɗa, suna faɗin abin da ke cin rai: ƙuncin zuciya, zaluncin masu iko. 'Yan System of a Down, jikokin Armeniyawa, sun sha tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a 1915. Kiɗan kansa ba ya tafiya a layi ɗaya. Murya ta yi ƙasa kamar raɗa, sai ta fashe. Tool kuwa kan ƙirga bugu biyar ko bakwai inda kunne ya saba da huɗu. Wanda ya san kukan goge, yadda izga ke gurzar tsirkiya, ba zai kira wannan kaushi lahani ba.

Yaya ake samun sautin?

Sassauta tsirkiyar jita ta shida, mafi kauri, daga sautin E zuwa D. Yatsa ɗaya zai danne tsirkiyoyi uku mafi kauri. In za ka sauka zuwa C, sa tsirkiyoyi masu kauri, masu lamba 11 zuwa 54, don sirara sukan yi laƙwas, sauti ya kauce. Ɗora gefen tafin hannunka a gindin tsirkiyoyi, bugun ya fito a dunƙule.

Me ya sa nawa ke fitowa kamar kunu?

Don ka murɗa gain har ƙarshe ne, wato maɓallin da ke ƙara kaushi a amfilifa, na'urar ƙara sauti. Mayar da shi rabi, kada ka kashe sautin tsakiya, a nan jita ke numfashi. In za ka ɗauki sautin, makirufo ya tsaya kamar yatsa biyu daga ragar lasifika, ɗan gefe da cibiyarta.

Amfilifar da aka aiko daga Amurka fa?

Dakata, ɗan'uwa! Wutar Gana volt 230 ce, ta Amurka 120. Karanta bayanta tukuna. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ta ƙone nan take. Iskar tekun Akra ma na sa tsirkiya tsatsa, a goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa.