Ku daina zagaye maɗaci da gizago

Jama'a, na faɗi maganar nan a kasuwa, na faɗe ta a ƙofar mai gari, yau ga ta a rubuce. Kusan duk ƙauyen da aikin gandun daji ya kai ni bana sai na tarar da maɗaci ya bushe a tsaye. Daga gindi har inda hannu ya kai an feƙe ɓawon kaf, jan itacen a waje, gara ta hau.

Ban hana kowa sassaƙe ba. Da shi iyayenmu suka yi maganin ciwon ciki da zazzaɓi, ganyensa ke riƙe shanun makiyaya idan bazara ta yi tsanani. Ku ɗiba, Allah ya ba da lafiya. Amma me ya sa sai an zagaye? Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawon nan yake sauka zuwa saiwa. Ka yanke shi ta kowane gefe, ka kashe bishiyar, ko da ta ci gaba da kore har damina ta wuce. Koren nan ne ke ruɗin ku, ku ce ai ba ta mutu ba. Ta mutu, lokaci take jira.

Masu cika buhu a kai birni, da ku nake. Bishiyar da ke kai mita 30, wadda kakanka ya sha inuwarta, ka gama da ita a yini guda saboda kuɗin cefane? Haba malam! Tun 1998 maɗaci ke cikin jerin itatuwan duniya da ke fuskantar barazana, a 2022 kuma taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji da ke fuskantar barazana) a Panama ya sa sai da izini ake fitar da katakonsa daga Afirka. Wannan dokar a tashar jirgin ruwa take aiki. Mai gizago a bakin rafi kuwa, mu ne kaɗai ke ganinsa.

In dole ne:
- ɗebi ta gefe ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, kada ya wuce faɗin tafin hannu
- kada kaifi ya shiga cikin itacen
- shafe wurin da laka
- ƙyale ƙananan bishiyoyi
- kada a koma wa bishiyar sai ɓawo ya rufe ciwon

In 'ya'yan sun tsage da rani, a sa yara su tsinto iri a shuka a leda da wuri, don ba ya jure ajiya. Wanda ya rasa ledar ya nemi malamin gona na yankinsu.