CARS ba motoci ba ne: ma'anar karatun ƙwaƙƙwafi a jarrabawar shiga likitanci

Ƙanwarmu da ke aure a Amurka ce ta turo saƙon murya ta WhatsApp, Yaya ya kunna mana shi a ƙofar gida bayan magariba. Ta ce 'yarta ta gama digiri, tana shirin jarrabawar shiga makarantar likitoci. Kimiyya duk ta iya, abu guda ne ya tsaya mata a maƙoshi, wai shi CARS, har sun ɗaukar mata malami suna biyansa da awa. Wani yaron fadarmu da ke zuwa Kano sarin kaya ya ce, "Kaas ai motoci ke nan da Ingilishi." Yaya ya ce, "To me ya haɗa likita da mota?" Da aka sake tambayar uwar sai ta ce a'a, karatu ne kawai, a ba ka rubutu ka karanta ka amsa tambayoyi. Nan kan Yaya ya ƙara ɗaurewa. "Yarinya ta yi shekara 16 a boko, sai yanzu za a ɗauko mai koya mata karatu?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Mushen Faransanci ne ni a lise, na ci shekaru ina yi wa 'yan ajin ƙarshe, tarminal, darasin gida, wato kur da mezon, na kuma san yaro na iya karanta shafi guda ba gargada, ka ce ya rufe ya faɗa maka me mai rubutun yake so, ya tsaya yana kallon rufin ɗaki.

CARS harufan farko ne na wasu kalmomin Ingilishi 4 da ke nufin iya ƙwanƙwance magana da auna hujja. Sashe ne ɗaya cikin 4 na jarrabawar MCAT, wadda ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke shiryawa. Makarantun Amurka da wasu na Kanada da dama da ita suke tace masu neman shiga. A can galibi ba daga sakandare ake faɗawa likitanci ba, sai mutum ya gama digirin farko tukuna. A nan kuwa yaro ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, galibi seri D ko C na kimiyya, sai ya nemi sashen kiwon lafiya na Jami'ar André Salifou a nan Damagaram ko na Abdou Moumouni a Yamai, ba mai tambayarsa MCAT. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karɓi jikkunan iyaye da sunan shirya yaransu wa jarrabawar da ba ta kan hanyarsu.

Sassa 3 na MCAT na kimiyya ne da halayyar ɗan Adam, kowanne tambaya 59 cikin minti 95. Shi kuwa CARS tambaya 53 ne cikin minti 90, a kan rubuce-rubuce 9, kowanne kalma 500 zuwa 600. In ka raba, minti 10 ke nan ga kowane rubutu da tambayoyinsa. Makinsa daga 118 zuwa 132 ne kamar sauran sassan, jimillar jarrabawar kuma daga 472 zuwa 528. Tun 2015, da aka sabunta MCAT, yake amsa wannan suna. Rubuce-rubucen daga falsafa ake ɗebo su, da tarihi, adabi, kiɗa, siyasa, tattalin arziki da makamantansu. Ba ƙwayar cuta a ciki, ba ƙashi, ba jijiya. Masu jarrabawar da kansu sun ce duk abin da ake bukata don amsawa yana cikin rubutun.

Wasu za su kira shi karatun fahimta. Ni sunan ya yi mini kaɗan, don fahimta ita ce ƙofar shiga kawai. Na fi son karatun ƙwaƙƙwafi, irin na dillaliya in an kawo mata zane: ta buɗe, ta ɗaga wa rana, ta duba baki, ba ruwanta da rantsuwar mai kaya.

Bayani ba ya kai misali, don haka na rubuta ɗan guntun rubutu da Hausa kan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, na gwada wa yara 3 da nake koya wa a Sabon Gari. Ga shi:

"Masu kishin ginin ƙasa suna cewa siminti ya ɓata Birni, tunda ɗakin ƙasa ya fi sanyi a bazara. Batun sanyi kam ba musu. Sai dai mai gidan da ya rushe soronsa ya zuba bulo bai manta da zafi ba. Yaɓen kowace shekara ne ya gajiyar da shi, ga magina na gargajiya sun yi ƙaranci, ladansu ya hau. Duk mai son a ci gaba da ganin zanen Birni, ya fara tambayar wa zai biya yaɓe."

Tambaya: me marubucin yake son a yarda da shi? Na ba su amsa 4. Ta farko, siminti ya ɓata Birni. Ta biyu, ginin siminti ya fi na ƙasa. Ta uku, wahalar gyara da tsadarsa ke raba mutane da ginin ƙasa. Ta huɗu, ruwan sama na rushe gidajen ƙasa.

Biyu daga cikinsu suka ɗauki ta huɗu. Na ce da ɗaya, "Sa mini yatsa inda aka ambaci ruwa." Ya bi layi-layi, ya sake bi, ya ɗago ya ce, "Amma Mushe, ai gaskiya ne, da idonmu muka ga katangar maƙwabtanmu ta zube da damina." Na ce gaskiya ne, ban musa ba, yatsa nake jira. Wannan shi ne tarkon da ya fi cin masu ilimi: amsar da take gaskiya a duniya amma ba ta cikin takarda. Yarinyar ta uku ta ɗauki ta farko, don ita ce jimlar da ta fara gani. Ba ta lura cewa maganar wasu ce marubucin ya kawo don ya yi mata gyara ba. "Suna cewa" da "sai dai" su ne suka raba bakin mutum biyu a cikin rubutun, ita kuwa ta tsallake su kamar tsakuwa a hanya. Ta biyu ba wanda ya ɗauka, amma ita ma tarko ce, ta mai zarce gona da iri: mutumin ya ce gyara na da wahala, bai ce siminti ya fi ba. Ta uku ce amsa, ga ta nan ba ado, shi ya sa ido ke wuce ta.

AAMC ta kasa tambayoyin sashen gida 3. Kusan kashi 30 cikin 100 kan abin da rubutu ya ce ne. Wani 30 kan yadda aka ɗora hujjar, wace jimla ce ke tallafe da wace, ina ra'ayi ina shaida. Ragowar 40 su ne masu sa gumi, inda ake fitar da maganar daga gidanta a kai ta wani wuri. Misali a kan rubutunmu: a ce wata ƙungiya ta ɗauki nauyin yaɓe kyauta shekara 5, amma mutanen Birni suka ci gaba da zuba bulo. Me wannan ya yi wa maganar marubucin? Ya karya mata ƙafa, don an cire dalilin da ya bayar kuma abin bai tsaya ba. Da a ce sun daina, to ya ƙarfafa ta. A nan ba a tambayarka ko ka yarda da shi. Aro kansa za ka yi na minti 10, ka yi tunani da shi, ka mayar masa.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wannan rabon ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman zaure. Masu usulul fiƙihi sun daɗe da manɗuƙi, wato abin da lafazi ya furta, da mafhumi, abin da ake fahimta daga lafazin ba tare da an furta shi ba, da ƙiyasi, ɗaukar hukuncin wata mas'ala a ɗora wa sabuwa saboda illarsu ɗaya. Almajirin da malam ya taɓa katse shi da "ina ka samo wannan a nassi?" ya riga ya ɗanɗani CARS. Bambancin shi ne a zaure nassin abin girmamawa ne, a jarrabawa kuwa mai rubutun na iya zama mai shirme, kuma dole ka fahimci shirmen nasa daidai yadda ya tsara shi.

To me ya kawo wannan ƙofar likitanci? Ka tsaya ɗakin ganin likita rabin yini za ka gani. Tsohuwa ta ce, "Na sha maganin da kuka ba ni." Ba ta ce ta shanye ba. Likitan da ya ji "na shanye" zai yanke cewa maganin bai yi aiki ba, ya canza wani, alhali kwana 2 ta sha ta ji sauƙi ta ɗaure sauran a bakin zane. Wani ya shigo ya ce shawara ce ke damunsa. Wannan fassararsa ce, abin da ya gani a jikinsa daban, sai an tono. Haka in likita na karanta sakamakon bincike: "an ga alaƙa tsakanin kaza da kaza" da "kaza ne ke jawo kaza" maganganu biyu ne, mai gaggawa ke haɗe su. Makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada, cikin dukan makin MCAT na CARS kaɗai take dubawa. Ingila ma na da nata a UCAT, jarrabawarsu ta shiga likitanci: tambaya 44 kan rubutu 11, kusan daƙiƙa 30 ga kowace tambaya, da yawansu kuma amsarsu ɗayan uku ce, gaskiya, ƙarya, ko ba a iya sani daga rubutun. Wannan ta ukun ita ce yaranmu ba su saba da ita ba, don mun tarbiyyantar da su cewa "ban sani ba" faɗuwa ce.

Ba na cewa ma'aunin adali ne ɗari bisa ɗari. Wanda ya tashi da Ingilishi a bakin uwarsa yana jin gatse da habaicin marubuci tun kafin ya yi tunani. Ɗan Zinder da Ingilishi ya zo masa bayan Hausa da Faransanci, wani ma bayan Larabci, rabin mintunansa a fassara suke tafiya. Ga shi kuma makarantun Amurka da yawa ba sa ɗaukar baƙon ɗalibi ko da makinsa ya kai.

Saura tambayar Yaya: malamin me yake koyarwa, tunda ba abin haddacewa? Na kira 'yar tamu na tambaye ta. Ta ce, "Kawu, na farkon da muka ɗauka dabaru yake sayarwa. Wai in karanta jimlar farko da ta ƙarshe a kowane sakin layi in bar sauran. Wata 2 makina bai motsa ba." Na biyun, in ji ta, minti 10 kawai suke yi a kan rubutu da agogo, sauran awar duk a kan kurakuranta take ƙarewa. Ba ya faɗa mata amsa. Sai ta faɗi da bakinta me ya ja ta ga wadda ta ɗauka, ta nuna layin da ta dogara da shi, in babu ta amsa cewa daga kanta ta kawo. Ya sa ta buɗe littafi na musamman tana rubuta irin tarkon da ya kama ta kowace rana. Bayan sati 3 ta ga kusan duk faɗuwarta iri ɗaya ce: tana son amsa mai ƙarfin murya, mai "kullum" da "duka" da "ba a taɓa", alhali marubutan da "galibi" da "wataƙila" suke magana.

Aikin ke nan, kuma a ganina malamin da ya fi ɗalibi yawan magana a irin wannan darasi kuɗin banza yake ci. Sauran ƙanana ne. A yi atisaye da tambayoyin AAMC kanta, tunda ita ke rubuta jarrabawar. Kada a bar tambaya ba amsa, don ba a rage maki kan kuskure. Kada kuma a shiga da niyyar gwaji, don sau 3 kawai aka yarda a yi ta a shekara, sau 7 a tsawon rai. Wanda bai da kuɗin malami, aboki mai taurin kai da zai riƙa ce masa "nuna mini" zai yi masa rabin aikin.

Ni ma na ga laifina a ciki. Bak ɗinmu na da taƙaita rubutu da sharhinsa, waɗanda asalinsu wannan ƙwaƙƙwafin suke nema. Amma in jarrabawa ta matso, iyaye na jiran sakamako, sai in tsaya gaban allo ina yi wa yara shiftar gabatarwa da kammalawa su haddace, su je su zuba ko wane rubutu aka ba su. Suna samun matsakaicin maki, kowa ya ce Mushe ya iya. Tun ranar ginin ƙasan nan na fara ware minti 20 a kowane zama: sakin layi ɗaya daga jarida, tambaya ɗaya, yatsa a kan takarda.

Daren da na gama waya da 'yar tamu na karanta wa Yaya rubutun nan na Birni, na jera masa amsoshi 4. Ko numfashi bai ja ba ya ce ruwan sama. Na ce ba a ambaci ruwa ba. Ya ce, "Shi mai rubutun ne bai san Birni ba." Na ce ai ni na rubuta. Ya kurɓi shayinsa ya ce to in je in gyara.