Wai Mene Ne "Konbeks" Ɗin Nan da Ya Cika Bakin Masu Wuƙa?

Kwanakin nan duk bidiyon da ka buɗe na masu nuna wuƙaƙe masu naɗewa, ba a cika minti biyu sai ka ji an ce konbeks. Mai talla zai buɗe wuƙa da babban yatsa, ya juya ta a gaban haske, ya tsarge takarda da ita, sannan ya dubi kyamara ya ce, "Ka gani ko? Ai konbeks ce." Kamar wata lambar yabo. Wani na nufin tana da kaifi, wani na nufin tana da tsada, wani kuma bai ma san me yake nufi ba, ya dai ji ana faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani da na gani yana rantsuwa cewa wuƙar hannunsa konbeks ce, alhali ruwanta a rarake yake ta gefe biyu kamar na aska. Wato kishiyar abin da yake faɗa ce a hannunsa.

Kalmar sunan siffa ce kawai. A ce an datse ruwan wuƙa gida biyu ta tsakiya, ka leƙa wurin datsewar. Idan gefunan biyu sun sauko a miƙe suka haɗu a baki, ka ga harafin V. Idan sun lotsa ciki kafin su haɗu, rarakakke ke nan. Idan kuma sun kumburo waje, suka sauko a lanƙwashe har suka haɗu, wannan shi ne konbeks. Ɗauki cokali: bayansa konbeks, cikinsa rarakakke. Ni a Hausa na fi son in ce "mai doro", kuma shi zan riƙa faɗa daga nan.

Asalin kalmar Latin ne, convexus, abin da aka yi wa baka kamar rufin ɗaki mai tulluwa. Abin dariyar shi ne su kansu Rumawa ba su tsayar da ita wuri ɗaya ba. Suna kiran bayan tulluwa da ita, suna kuma kiran cikinta da ita, har sararin samaniya da ke kife a kanmu kamar kwano da wannan kalma mawaƙansu ke siffanta shi. To sama kuwa daga ciki muke kallonta, a rarake muke ganinta. Sai daga baya masana lissafi da masu gilashin ido suka raba gardama, suka ce wannan kalma ta mai kumburowa waje ce, mai lotsawa ciki a ba shi tasa. Don haka mutumin nan mai rantsuwa a kan rarakakkiyar wuƙa, da a zamanin Rumawa yake da ya sha. Sai dai ya makara da shekara dubu biyu.

Siffar tana da wasu sunaye. Amurkawa kan ce bakin ƙwayar tuffa, saboda in ka dubi ƙwallon cikin tuffa haka yake, ya kumbura a tsakiya ya tsuke a tsini. Wasu na cewa bakin Moran, da sunan Bill Moran, maƙerin jihar Maryland da ya rasu a 2006, wanda da shi aka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka a 1976. Shi ya fito da ita fili a can, amma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Japanawa sun daɗe suna yi wa takubbansu irin wannan baki, suna kiransa hamaguri-ba, da sunan wata halittar teku mai ɓawo biyu da ke rufewa kamar ƙumba. Gatari ma da doro yake, tun kafin a san wani abu wai shi wuƙar aljihu.

Ruɗani na farko mai sauƙi ne. Akwai wuƙar da doron ya taso tun daga gadon bayanta ya gangaro har baki ba tare da wani layi ya katse shi ba. Akwai kuma wadda jikinta a miƙe yake, ko ma a rarake, ɗan siririn bakin nan na ƙarshe kaɗai, wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, aka lanƙwasa. Dukkansu ana ce musu konbeks, amma a hannu ba ɗaya ba ne, wajen wasawa ma ba ɗaya ba ne. Mai sayarwa ba zai faɗa maka wacce yake nufi ba sai ka tambaya.

Ruɗani na biyu shi ne mai ci mini tuwo a ƙwarya, domin har waɗanda suka san wuƙa suna faɗa masa. Za ka ji an ce baki mai doro ya fi ƙarfi saboda akwai ƙarfe da yawa a bayan kaifin. Ka matsa gaba kaɗan ka ji wani ya ce baki mai doro ya fi ratsa abu saboda ya fi siriri. Wani lokaci mutum ɗaya ne zai faɗi duka biyun a numfashi ɗaya. Yaya abu zai fi kauri kuma ya fi siriri?

Samo takarda da fensir. Zana V mai kusurwar digiri 30, wato 15 kowane gefe. Yanzu zana baki mai doro wanda shi ma a daidai tsininsa digiri 30 ne. Za ka ga layukanka sun tashi tare da na V ɗin, amma suna hawa suna lanƙwashewa ciki, duk zanen ya zauna a cikin V. Wannan doron ya fi V siriri. Bai ƙara ƙarfe ko ƙwaya ba, ragewa ya yi, kafaɗun nan biyu masu kusurwa, wato inda gangaren baki ke haɗuwa da jikin ruwan wuƙa, aka goge. Zai fi ratsa kwali da igiya, amma tsinin nasa bai fi na V ƙarfi ba, tunda kusurwarsu ɗaya. To sake zana V ɗin. A wannan karon fara doron daga kafaɗun V ɗin, ka kumburo da shi waje, ka haɗe a tsini ɗaya. Yanzu kam akwai ƙarin ƙarfe, bakin ya fi jure duka. Amma auna kusurwar tsinin, za ka tarar ta buɗe, tana iya kaiwa wajen 40 ko fiye. Ƙarfin da ka samu daga buɗewar kusurwa ya zo, kuma da ka wasa V ɗinka a digiri 40 da ka sami kusan irinsa.

Ke nan maganganun biyu kowacce gaskiya ce, sai dai kowacce da V ɗin da aka gwada ta da shi. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya sayar maka, ya auna da mudu biyu ne. Abin da doro ke bayarwa na haƙiƙa shi ne sulhu: tsini mai ɗan buɗewa don ya jure, bayansa kuma babu kafaɗar da za ta tokare. Shi ya sa gatari ke shiga itace ya ture shi gefe ya fito bai maƙale ba. Wannan amfani ne na gaske, ban raina shi ba. Amma ba sihiri ba ne.

Kaifi kuwa wata magana ce daban. Kaifi yana can a layin ƙarshe inda gefe biyu suka haɗu, wurin da faɗinsa a wuƙa mai kaifi sosai bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ido ba ya ganinsa. Ko mai doro ce ko V ce ko rarakakkiya, in gefen biyu ba su haɗu tsaf a wannan layi ba, wuƙa a dakushe take. Yankan takardar da ake yi a gaban kyamara shaidar an wasa da kyau ce, ba shaidar siffa ba.

Batun tsada fa? Na san inda aka samo shi. Kamfanin Rockstead da ke Sakai a ƙasar Japan ya yi suna da wuƙaƙe masu naɗewa masu cikakken doro, wanda suke kira honzukuri, a goge kamar madubi har kana ganin fuskarka. Suna amfani da ƙarfe irin su YXR7 da ZDP-189, su ƙona shi ya yi tauri har wajen 65 zuwa 67 a ma'aunin Rockwell, alhali yawancin wuƙaƙen aljihu masu kyau tsakanin 58 da 62 suke. ZDP-189 ɗin nan kashi 3 cikin ɗari nasa kabon ne, kashi 20 kuma kuromiyom. Ƙarfe in ya yi irin wannan tauri yana daɗewa bai dakushe ba, amma ba ya son lanƙwasa, ɓantarewa yake yi. A nan doro ya sami aikin yi, domin yana tallafe tsinin. Kuma fitar da doro iri ɗaya a gefe biyu, a kan ƙarfe mai wannan tauri, sannan a goge shi ba tabo, aiki ne mai cin lokaci. Kuɗin na aikin ne da ƙarfen.

Amma je ka duba Opinel, 'yar wuƙar Faransa mai mariƙin katako da ake ƙerawa a yankin Savoie tun 1890. Tana cikin mafi arha a duniya, ruwanta kuma mai doro ne. Sannan ka duba Sebenza ta kamfanin Chris Reeve da ke Idaho, wadda masu tara wuƙa ke auna sauran da ita: jikin ruwanta a rarake yake. In da konbeks na nufin daraja, da Opinel ta hau kan Sebenza.

Ra'ayina, ga mai son ji, shi ne wuƙa mai naɗewa ba ta cika buƙatar doro kamar gatari ko adda ba. Ba sara ake yi da ita ba, kuma wanda ya dinga sara da ita makullin da ke riƙe ta a buɗe da ƙusar da take juyawa a kai ne za su fara kuka kafin baki. Aikinta kwali ne, igiya, fiƙe itace, buɗe ƙunshi. A irin wannan aiki abin da ya fi tasiri shi ne kaurin ƙarfen da ke dab da bayan kaifi. Siririyar V ta fi ƙatuwar mai doro yanka nesa ba kusa ba. Duk da haka ina da masu doro, ina kuma son su, don akwai wani santsi da hannu ke ji in suna ratsa itace wanda ban samu a wata siffa ba.

Wajen wasawa ne kalmar ke tsorata mutane, har wasu su ajiye wuƙa mai tsada a akwati don gudun ɓata ta. Abin mamaki, duk wanda ke wasa wuƙa da hannu a kan dutse yana yin ɗan doro ko bai sani ba, domin hannun ɗan Adam ba ya riƙe kusurwa ɗaya cak, kowane ja sai ya ɗan sauya. Na'urorin nan masu maƙale wuƙa su tsayar da kusurwa su ne ke fitar da V tsantsa, kuma in ka ɗora mai cikakken doro a kansu za su yanka mata sabon baki mai kafaɗa, abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Hanyar da aka saba ita ce a sami abu mai ɗan laushi, kamar fata ko 'yar shimfiɗar robar nan da ake ɗora linzamin kwamfuta, a shimfiɗa samfefa a kai. Sai a kwantar da wuƙa, a ɗaga bayanta kaɗan, a ja ta da baya, gadon baya a gaba kaifi na biye, kamar mai shafa man shanu. Laushin shimfiɗar ne ke bin doron. In ta dakushe sosai a fara da samfefa mai kaushi, lamba 400 ko 600, a hau 1000, a hau 2000, a ƙare a kan fata da aka shafa wa koren maganin gogewa ko na lu'ulu'u. Kafin ka fara, shafa baƙar maka a bakin. Inda tawadar ta goge nan kake ci, in ba ta goge har tsini ba, ba ka iso ba tukuna. Ana ci gaba da gefe ɗaya har yatsa ya ji wani ɗan leɓen ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, sannan a juya.

A nan na taɓa yin ɓarna. Na ga aikin ba ya sauri, sai na danna. Shimfiɗa mai laushi in ka danna ta, tasowa take yi ta naɗe tsinin, ta cinye shi ta zagaye. Na tashi da wuƙa mai ƙyalli kamar madubi wadda ko zare ba ta yankewa. Doro dai ya yi doro, har ya wuce gona da iri, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sai da na koma samfefa mai kaushi a kan shimfiɗa mai ɗan tauri na kwashe yamma guda kafin na dawo da bakin. Nauyin wuƙar da ɗan na yatsu ya isa.

Masu injin wasawa mai bel ɗin samfefa suna fitar da doro cikin daƙiƙu, a wurin da bel ɗin ke sake babu ƙarfe a bayansa. A gida ban ba da shawara ba, domin tsinin siriri ne ƙwarai, zafi kaɗan ke sauke masa tauri, kuma ba lalle launinsa ya sauya ka gane ba. Mai ruwan madubi kuwa, samfefa mai kaushi za ta zane ta, shi ya sa masu irin su Rockstead ba sa bari ta dakushe. Da ta fara sanyi sai su ja ta 'yan lokuta a kan fata ko yadin jins da aka ɗaure a katako aka shafa wa maganin goge ƙarfe. Kafin kowane irin wasawa, a tabbata makulli ya kama, a kuma naɗe wurin ƙusar juyawa da salatif, don garin ƙarfe da na samfefa in ya shiga nan, wuƙar da ke buɗewa sumul za ta koma tana ƙara kamar an zuba mata yashi.