Waiwaye: tsadar mai ce ta rage hayaƙi a Saudiyya, ko motocin ne suka canza?

Duk lokacin da aka taɓa farashin mai a Saudiyya sai muhawara ta dawo sabuwa. A Janairun 2024 litar dizal ta tashi daga halala 75 (halala 100 ce riyal ɗaya) zuwa riyal 1.15, a Janairun 2025 ta kai riyal 1.66, kuma a majalisun Hausawan Makka da Jidda har yanzu ana ja-in-ja. Wasu na cewa tsada ce kaɗai ke sa mutum ya rage ƙona mai, iska ta yi tsabta. Direbobi da masu dakon kaya kuma na cewa aljihu ne kawai ya ji jiki, cunkoson hanyar Makka zuwa Jidda yana nan yadda yake. Maganar ta fi shekara goma ana yinta, kuma akwai wani sashe nata da kusan kowa ke tsallakewa.

Abin da aka sani bai da tsawo. A 2006 an rage litar fetur daga halala 90 zuwa 60, a 2007 aka fito da fetur mai lamba 91, wanda ya fi mai lamba 95 araha, a kan halala 45, ya zauna a haka kusan shekara tara. A ƙarshen Disambar 2015 ya koma halala 75. A ranar 1 ga Janairun 2018 ya kai riyal 1.37, mai lamba 95 kuma ya tashi daga halala 90 zuwa riyal 2.04, ranar da aka fara karɓar harajin kayan masarufi na kashi 5. Harajin ya zama kashi 15 a Yulin 2020, sannan a Yulin 2021 aka sa wa farashin iyaka: riyal 2.18 ga mai lamba 91, 2.33 ga mai lamba 95. Mafi yawan ƙarin janye tallafi ne, ba harajin mai na musamman irin na Turai ba, amma ga mai biya a gidan mai duk ɗaya ne.

Farashi ya ninka kusan sau biyar, shan mai bai yi ƙasa ko kusa da haka ba. Masu nazarin makamashi sun kiyasta cewa a Saudiyya ƙarin kashi 10 a farashi yakan rage shan fetur ne da abin da bai wuce kashi 1 zuwa 3 ba. Dalilin a fili yake. An shimfiɗa birane ne domin mota, tazara tana da yawa, zafin bazara ba ya barin a yi tafiyar ƙasa, na'urar sanyaya mota kuma tana ƙara wa inji nauyi. Wanda ke zaune a Shara Mansur a Makka yana aiki a Jidda ba zai daina zuwa aiki ba. Abin da da yawa suka yi a 2018 shi ne komawa daga 95 zuwa 91, domin bambancin da ke tsakaninsu ya tashi daga halala 15 zuwa 67. Wannan ya rage kashe kuɗi, bai rage litar da ake ƙonawa ba. Raguwar da aka gani a shekarar ma ta zo daidai da lokacin da baƙi da yawa suka bar ƙasar, don haka ba za a jingina ta duka ga farashi ba.

Abin da ake mantawa ya faru ne cikin mako ɗaya da ƙarin 2015. A ranar 1 ga Janairun 2016 dokar tattalin mai ta ƙananan motoci ta fara aiki. Ba ta taɓa aljihun kowa a gidan mai ba, shi ya sa ba a yi mata hayaniya ba. Dokar ta duba motocin da kowane kamfani ke shigowa da su a shekara, ta ce matsakaicin tafiyarsu a lita ɗaya dole ya kai wani mizani, mizanin kuma yana hawa da kusan kashi 4 duk shekara, da nufin tashi daga kimanin kilomita 12 a lita zuwa sama da 19 a 2025. Kamfanin da ke son sayar da manyan jif masu silinda takwas sai ya haɗa da motoci masu tattalin mai da yawa kafin lissafinsa ya daidaita. Motocin hannu da ake shigowa da su kuma aka yanka musu mafi ƙarancin mizani: kilomita 10.3 a lita ga ƙaramar mota, 9 ga irin su a-kori-kura. Tun 2014 ma an riga an fara manna wa sabuwar mota kati mai launi, daga kore zuwa ja, da ke nuna abin da take sha.

Lissafin ne ke nuna nauyin wannan mataki. Litar fetur ɗaya tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Motar da ke yin kilomita 20,000 a shekara tana cin kilomita 8 a lita za ta sha lita 2,500, wato kilo 5,750. Mai cin kilomita 16 za ta sha lita 1,250, rabin wancan ke nan, ba tare da direban ya rage ko tafiya ɗaya ba. A nan ne farashi ke yin aikinsa na gaskiya. A zamanin halala 45 babbar motar riyal 1,125 take ci a shekara, ba mai damuwa da katin. A kan riyal 2.18 tana cin 5,450, ƙaramar kuma 2,725. Tsadar ce ta sa mai saye ya fara karanta katin, dokar kuma ta sa ya tarar da motar da zai zaɓa a kasuwa. Sai dai mota kan yi shekara goma ko fiye a hanya, saboda haka sauyin yana tafiya a hankali.

Hayaƙin da ke shiga ƙirji kuwa wani abu ne daban, kuma farashi ba ya kai masa. An cire dalma daga fetur a 2001 lokacin da mai yake da araha. A Fabrairun 2024 aka fito da fetur da dizal na mizanin Turai da ake kira Euro 5, masu ƙarancin farar wuta, abin da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma irin wannan man ne ke barin matatar hayaƙi ta daɗe tana aiki. Tsohuwar mota da aka cire mata tukunyar tace hayaƙi daga salansa, ko wadda na'urar auna iskar salansarta ta mutu har inji yake zuba mai fiye da kima, tana iya fitar da gubar da ta fi ta sababbin motoci da yawa, ko nawa ake sayar da lita.

Irin waɗannan motocin suna ƙarewa ne a hannun masu ƙaramin ƙarfi, kuma da yawan 'yan'uwanmu baƙi masu iƙama (takardar izinin zama) ba sa cikin tallafin Hisabul Muwaɗin da aka fara a Disambar 2017 domin 'yan ƙasa. Idan mai ya cinye kuɗin wata, abin da ake fara ɗagawa shi ne canjin fulogi, matatar iska da man inji, sai ranar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ta matso a ruga gareji. Abin hawan da zai maye gurbin mota kuma ya makara: jirgin ƙasan cikin garin Riyad, mai layi 6 da tsawon kilomita 176, sai a Disambar 2024 ya fara ɗaukar fasinja, shekara tara bayan ƙarin farko. Jidda har yanzu bas ce da mota.