Waiwaye: Wasiƙar tonon silili da ke kai Amurkawa rumfar zaɓe

A ƙarshen watan Yulin 2006, gidaje kusan dubu 20 a jihar Michigan ta Amurka suka tarar da wata takarda a akwatin wasiƙunsu. Babu hoton ɗan takara a jikinta, babu alamar jam'iyya, babu alkawarin titi ko asibiti. Tambaya ce a sama da manyan baƙaƙe: ya za ka ji idan maƙwabtanka suka san ko ka yi zaɓe ko ba ka yi ba? A ƙasa kuma jadawali ne. Ga sunan mai gidan, ga na iyalinsa, ga na mutanen layinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa an nuna ko ya kaɗa ƙuri'a a zaɓukan 2004. Gurbin zaɓen fid da gwani na ranar 8 ga Agustan 2006 an bar shi fayau, tare da gargaɗin cewa bayan zaɓe za a sake aiko da takardar a cike, kowa ya ga na kowa.

Wanda bai san tsarin Amurka ba zai ce an yi satar bayanai. Ba a saci komai ba. Wanda ka zaɓa sirri ne, amma ko ka je rumfa ko ba ka je ba, wannan yana rubuce a kundin masu zaɓe na jiha, kuma jam'iyyu da 'yan takara da masu bincike suna iya neman kundin, galibi su biya wani kuɗi a ba su. Shekara da shekaru kundin yana hannunsu, suna duba shi ne kawai don sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ba su yi tunanin nuna wa mai sunan abin da aka rubuta a kansa ba.

Ƙoƙarin zaburar da mai zaɓe ta gidan waya tsohon abu ne. Tun a 1924 da 1925 wani malamin jami'ar Chicago, Harold Gosnell, ya aika wa dubban mazauna birnin katunan tunatarwa, ya bar wasu bai aika musu ba, sannan ya gwada fitowar ɓangarorin biyu. Daga nan aka yi dogon barci. Sai a 1998 malamai biyu na jami'ar Yale, Alan Gerber da Donald Green, suka farfaɗo da irin wannan gwaji a garin New Haven, kuma abin da suka gano bai yi wa masu sana'ar buga takardun kamfe daɗi ba: zuwa gida-gida, ido da ido, yana ƙara fitowar jama'a da kusan maki takwas cikin ɗari, wasiƙa kuwa ko maki ɗaya ba ta kawowa. Aka yanke cewa wasiƙa asarar tawada ce.

Mutumin da ya rushe wannan hukunci ba farfesa ba ne. Mark Grebner ɗan siyasar ƙaramar hukuma ne a garin East Lansing na jihar Michigan, kuma sana'arsa ita ce tattara kundin masu zaɓe yana sayar wa 'yan takara. Ya daɗe da lura da abin da duk mai tambayar jama'a ya sani: mutane suna ƙaryar cewa sun yi zaɓe alhali ba su yi ba. Mai yin wannan ƙaryar, a ganin Grebner, ya riga ya yarda cewa zaɓe wajibi ne, wa'azi ba zai ƙara masa komai ba. Abin da yake gudu shi ne a gane. To, a gane ɗin mana.

Da Grebner ne Gerber da Green da wani abokin aikinsu, Christopher Larimer, suka haɗa kai a 2006. Gidaje dubu 180 suka ɗauka. Kusan dubu 100 ba a aika musu komai ba, sauran aka kasa su huɗu, kowane kashi da irin takardarsa. Waɗanda ba su sami komai ba, kashi 29.7 cikin ɗari ne suka fita. Waɗanda aka yi wa nasiha kan haƙƙin ɗan ƙasa, 31.5. Waɗanda aka ce musu masu bincike na lura da su, 32.2. Waɗanda aka nuna wa tarihin zaɓen gidansu kaɗai, 34.5. Masu takardar maƙwabta kuwa suka kai 37.8. Wato ƙarin maki 8.1 daga takarda guda, daidai da abin da ake samu idan an tura mutum ya taka har ƙofar gida, kuma da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sakamakon ya fito a 2008, kuma da aka bi sawun mutanen daga baya, an tarar wani ɓangare na tasirin ya bi su har zaɓukan gaba.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tsani ba. Nasiha ta motsa mutum kaɗan, idon baƙo ya ɗan ƙara, idon na gida ya fi, idon maƙwabci ya fi duka. Ai ko gaisuwar mutuwa, da yawa abin da ke kai su shi ne kada a ce ba a gan su ba. Amma kada a haɗa wannan da zaɓen ƙato bayan ƙato da aka taɓa yi a Najeriya, inda kowa ke ganin layin da ka bi. A can zaɓinka ake gani, a nan zuwanka kawai. Tawadar da ake shafa wa mai zaɓe a farce ta fi kusa da ita, duk da cewa don hana maimaita ƙuri'a aka ƙirƙiro ta.

Wata shaida ta zo daga Suwizalan ta wata fuska daban. Da aka sauƙaƙa zaɓe ta hanyar gidan waya, an zaci fitowa za ta ƙaru sosai. Wata masaniyar tattalin arziki, Patricia Funk, ta gano cewa a ƙananan garuruwa ma raguwa ta yi, domin yanzu ba wanda zai san ko ka je.

Matsalar takardar Michigan ita ce ta ƙona rai. Mutane sun yi ta neman wanda ya aiko don su zazzage masa. Wani mai bincike, Costas Panagopoulos, ya gwada wani salo a 2007: a wasu garuruwa ya ce za a buga sunayen waɗanda suka yi zaɓe a jarida don karramawa, a wani kuma sunayen waɗanda suka ƙi. Kunyatarwa ta fi karramawa aiki, amma jami'an zaɓe na yankin suka nuna rashin jin daɗi, ba a buga sunan kowa ba. Daga baya ya gwada takardar godiya, mai cewa mun ga ka yi zaɓe a baya, mun gode. Ita ma ta yi aiki ba tare da tada jijiyar wuya ba, ko da yake duk mai hankali ya san saƙon da ke ƙarƙashin godiyar: muna gani. Facebook ma ta shiga a zaɓen 2010, ta nuna wa mutum miliyan 61 saƙon ranar zaɓe, akasari haɗe da hotunan abokansu da suka ce sun kaɗa ƙuri'a, aka ƙiyasta ƙarin ƙuri'u kusan dubu 340.

'Yan siyasa dai ba su haƙura da mai zafin ba, kuma ba jam'iyya ɗaya ba ce. Ƙungiyoyin da ke goyon bayan Dimokurat sun aika irinta a 2012, masu ra'ayin riƙau ma haka. Wadda ta fi yin ƙaurin suna ita ce ta Ted Cruz, sanata mai neman tikitin takarar shugaban ƙasa, a jihar Iowa, cikin Janairun 2016. An tsara ta kamar sammacin hukuma, da jan rubutu mai cewa an karya dokar zaɓe, aka kuma bai wa mai gida da maƙwabtansa maki irin na ɗan makaranta, wasu da dama suka ga sun faɗi warwas. Sakataren jihar mai kula da zaɓe, Paul Pate, wanda ɗan jam'iyyar Rifablikan ne kamar Cruz, ya fito ya ce babu wani laifi a doka da ake kira ƙin fita zaɓe, kuma ofishinsa ba ya bai wa kowa maki. Cruz ya ce ba zai nemi afuwar kowa ba. Kwana biyu bayan haka ya lashe zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa a Iowa.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Wanda takardar ta ɓata wa rai sau da yawa yana fita ya yi zaɓen duk da haka, kuma idan ƙungiyar da ta aiko ba ita ce ke takara ba, babu wanda zai huce a kansa. Shi ya sa ba ta mutu ba. A ƙarshen Oktoban 2024, kwanaki kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa, babban lauyan jihar Maryland, Anthony Brown, ya rubuta wa wasu ƙungiyoyi biyu masu zaburar da masu zaɓe cewa su dakatar da takardunsu, domin sun yi kama da tsoratarwa. Takardun kuwa sun riga sun yi laushi idan aka gwada da ta Grebner: jadawalin yana nan, amma an rufe sunayen maƙwabta da baƙin layi.