Waiwaye: Yadda lasifika ta mamaye filin ƙwallon Ostareliya

Ba a taɓa cinye kakar wasa a Ostareliya ba tare da an tayar da wannan magana ba. Masu zuwa kallon ƙwallon ƙasar, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai, suna kukan cewa an cika musu kunne. Da zarar an ci ƙwallo sai lasifika ta ɓarke da kiɗa, fitilun da suka kewaye fili su shiga walƙiya, mai sanarwa ya ɗaga murya yana neman kowa ya yi ihu. Mutum ya juya zai tambayi na kusa da shi wa ya ba da ƙwallon, amma ko kansa ba ya ji. Wasu kuma, musamman masu zuwa da yara, cewa suke a bar musu abinsu, domin zaman kusan awa uku ba wasa ba ne ga ɗan shekara shida. Idan Satumba ta kama sai gardamar ta koma kan wasan ƙarshe: wane mawaƙi za a ɗauko daga waje, kuma da rana za a buga kamar yadda aka gada ko a mayar da shi dare don wasan wuta ya fito da kyau a talabijin.

Wanda bai san wasan ba zai yi mamakin inda ake samun sararin wannan kiɗa duka. Kowane ɓangare 'yan wasa 18 ne a fili, ana yin zango huɗu, kowane zango ya kan kai kusan rabin awa idan an haɗa da lokacin da aka tsayar da agogo. Akwai hutu uku, na tsakiya minti 20. Ga shi kuma ana cin ƙwallo da yawa, sau ashirin ko fiye a wasa ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma duk ci sai an mayar da ƙwallo tsakiyar fili, alƙalin wasa ya dakata har tallar talabijin ta ƙare. Wasa ne mai yawan giɓi tun asali. Abin da ya sauya shi ne wanda ke cike giɓin.

Farkon labarin sananne ne. An rubuta dokokin wasan a Melbourne, babban birnin jihar Victoria, a 1859, gasar jihar ta fara a 1897, daga 1925 kuma ta tsaya a kan ƙungiyoyi 12 har tsawon shekara sittin da ɗoriya. Kusan kowace ƙungiya ta unguwa ce, da filinta a cikin unguwar. Wasanni shida ake bugawa, duk ranar Asabar da rana, a lokaci guda.

Ranar wasa a wancan zamani tana farawa tun kafin azahar. Tawaga ta biyu ta kowace ƙungiya, wato matasan da ke neman shiga ta manya da tsofaffin hannun da ke dawowa daga jinya, su ke buga wasan sharar fage a fili ɗaya. Mai son wuri mai kyau a jikin shinge dole ya yi sammako, tunda mafi yawan wurin na tsayuwa ne. Gajeru da yara kan taka gwangwanayen ƙarfe da aka shanye don su hango. Allon sakamako na katako yana nuna makin sauran wasanni da haruffa, sai ka duba ɗan littafin wasan da ake sayarwa a bakin ƙofa, wanda ake bugawa tun 1912, kafin ka gane wace ƙungiya ce harafin yake nufi. A bayan turakun ci kuwa 'yan ga-ni-kashe-ni ne, waɗanda suka kwana biyu suna manna takardu masu launi suna haɗa ƙaton labulen da 'yan wasa za su keta su shigo fili. Bayan jiniyar tashi yara da iyayensu su tsallake shinge su bazu a ciyawa suna bugun ƙwallo har duhu. Babu wanda aka ɗauka aiki don ya nishaɗantar da kowa.

Masu ba da tarihin hayaniyar yau sukan fara daga 1977, shekarar da aka fara nuna wasan ƙarshe kai-tsaye a talabijin a Victoria, aka kuma sa mawaƙi ya rera kafin a take wasa. Su ambaci manyan allunan bidiyo na farkon shekarun 1980, da fitilun da aka fara amfani da su a MCG, babban filin Melbourne, a 1985 waɗanda suka haifi wasan daren Juma'a, da 'yan mata masu rawa da ƙungiyar Sydney ta yi tashe da su a tsakiyar shekarun nan. Su ƙara da bazuwar gasar zuwa Perth da Brisbane a 1987 da sauya mata suna zuwa AFL a 1990. Duk gaskiya ne. Sai dai har lokacin wannan ado ne na ranaku na musamman. Ɗan kallo na mako-mako a Melbourne yana zuwa filin unguwarsu, yana kallon wasa biyu da kuɗin ɗaya.

Inda na fi ganin lamarin ya juya shi ne tsakanin ƙarshen 1999 da farkon 2000, kuma ba kasafai ake kawo shi cikin gardamar kiɗa ba, domin a lokacin ba a ɗauke shi maganar nishaɗi ba. Maganar gine-gine ce da tsarin gasa.

Tun kafin nan filayen unguwa sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Essendon ta bar Windy Hill bayan 1991, St Kilda ta bar Moorabbin bayan 1992, 'yan Footscray suka yi sallama da nasu a 1997. A ƙarshen makon ƙarshe na Agustan 1999 aka rufe biyu a jere. Ranar Asabar Collingwood ta buga wasanta na ƙarshe a Victoria Park, inda take tun 1892. Washegari mutum sama da 70,000 suka je Waverley, ƙaton filin da aka buɗe a 1970 can gabashin birni, suka kalli Hawthorn da Sydney, wasan gasar na ƙarshe a wurin. A Maris na 2000 aka buɗe sabon fili a Docklands, a tsakiyar birni kusa da tashar jirgin ƙasa, mai rufin da ake buɗewa a rufe, mai cin mutum sama da 50,000. Carlton ta ɗan ƙara jan lokaci a Princes Park zuwa 2005. Daga nan ƙungiyoyi tara na Melbourne suka koma raba filaye biyu kacal. Geelong ce kaɗai a Victoria ta tsira da gidanta, ita ma don a wani gari take.

Ba a rasa dalili ba. Tsofaffin filayen ƙanana ne, wasu da ƙyar suke ɗaukar mutum dubu ashirin da wani abu. Ruwan sama kan mayar da su taɓo, banɗakunansu abin kunya ne, mace da ƙaramin yaro ba ta jin daɗin tsayuwa cikin turmutsutsun masu shaye-shaye. Jama'a da kansu sun nuna inda suka fi so da ƙafafunsu, domin yawan 'yan kallo ƙaruwa ya yi bayan ƙaurar. Amma ƙungiyar da ta bar gidan gado ta koma haya, ko ƙusa ba ta bugawa a bango sai da izini. Fili ɗaya yau na masu baƙi da fari ne, gobe na masu ja da baƙi. Babu kusurwar da wani iyali ya gada tun kaka, babu tsohon da kowa ya san muryarsa a wuri kaza. Kujera mai lamba ta maye gurbin tsayuwa, kuma wanda ya san kujerarsa na jiransa ba shi da dalilin sammako.

A daidai wannan lokaci aka rushe gasar tawagogi na biyu. Kakar 1999 ce ta ƙarshe. Daga 2000 aka zuba su cikin wata ƙaramar gasa ta jihar Victoria, ba AFL ba, wasu ƙungiyoyi suka haɗa gwiwa da ƙananan kulob na unguwanni, 'yan wasansu suka koma bugawa a wasu filaye, sau da yawa ma a wata rana dabam. Gasar 'yan ƙasa da shekara 19 ta kulob-kulob dama an riga an soke ta bayan 1991. Akwai batun kuɗi a ciki, akwai kuma cewa ƙungiyoyin Perth da Adelaide ba su da tawaga a tsohon tsarin. Ga ciyawa: filin da ake buga wasa biyu ko uku na manya a kansa a ƙarshen mako guda, balle mai rufi da rana ba ta isarsa sosai, ba zai ɗauki ƙarin wasanni ba. Dalilin kare ciyawa ɗin nan shi ya taƙaita shigar yara fili bayan wasa.

A tsaya a lissafa abin da ya tafi. Awa biyu na ƙwallo kafin wasan manya sun ɓace. A cikin awa biyun nan ne fili ke cika a hankali, mutane su gaisa, su yi musu kan wane yaro ya isa a ɗaga shi, murya ta warware tun kafin manya su fito. Wanda ya ga matashi yana faɗi-tashi a wasan sharar fage shekara biyu, ranar da yaron ya fara bugawa manya ba sai an roƙe shi ya yi tafi ba. Yanzu ana buɗe ƙofa, mutum ya shigo ya tarar da fili fayau da ƙaton allo, mafi yawan jama'a kuma sai saura minti goma ko sha biyar suke kwararowa daga jirgin ƙasa. Fili mai cin dubu ɗari da mutum dubu ashirin da biyar a warwatse cikinsa shiru gare shi mai nauyi. Duk wanda aka ɗora wa kula da ranar wasa, lasifika da allo ne kayan aikin da ya tarar a hannunsa.

Abin bai fito fili sosai ba sai a 2014, shekarar da 'yan kallo suka ragu a Melbourne, mutane na ƙorafin tsadar tikiti da wasannin daren Lahadi da na Litinin. A shekarar ce kuma aka koma da wasannin Adelaide filin tsakiyar birni da aka sabunta, inda magoya bayan Port Adelaide suka fara tattaki tare daga cikin gari, su ɗaga ƙyallayen wuyansu sama su rera waƙa ɗaya baki ɗaya kafin a take wasa. Kowa ya gani ya yaba. A 2015 aka ba ƙungiyoyin Melbourne damar tsara ranar wasansu a filayen haya, aka kewaye fili da allunan fitila masu sauya launi, aka rage kuɗin abinci a MCG, yara suka riƙa shiga kyauta ranar Lahadi, aka dawo da bugun ƙwallo a ciyawa bayan wasu wasanni. Kiɗan bayan ci ya samu gindin zama a nan. Ƙungiyar da ba ta da bangon da za ta shafa wa fentinta, launin fitila da waƙa kaɗai suka rage mata ta nuna cewa yau gidan nata ne.

Abin lura, jama'a ba kowace ƙara suke ƙi ba. A Brisbane 'yan wasa ke zaɓar waƙar da za a sa idan sun ci, kuma akwai wadda fili duka ke karɓa ya ci gaba da rerawa bayan an kashe lasifika. Waƙar kulob bayan nasara da labulen takarda ba wanda ya taɓa cewa a daina. Wasan ranar tunawa da sojoji, 25 ga Afrilu, tsakanin Collingwood da Essendon, wanda aka fara a 1995, an fi saninsa da tsit ɗin da mutum kusan dubu casa'in ke yi kafin farawa. A Maris na 2022, da Lance Franklin ya ci ƙwallonsa ta 1,000 a Sydney, dubban mutane suka tsallake shinge suka cika fili, wasa ya tsaya fiye da rabin awa, kuma har yau ana ba da labarinsa da murmushi. Gwajin da aka yi a 2018 da 2019 na gajeren wasa a fili mai kusurwa huɗu, da kiɗa da tartsatsin wuta, shi kam bai kai labari ba, aka ajiye shi.

Annobar korona ta ƙara wa gardamar wasan ƙarshe itace. A 2020 an buga shi a Brisbane da dare, a 2021 a Perth da yamma, mutane suka ga yadda fitilu ke ƙayatarwa. A 2022 aka dawo MCG da ƙarfe biyu da rabi na rana, kuma kowace shekara sai an sake tambaya.

Tsofaffin filayen ba su mutu duka ba. Gasar mata da aka fara a 2017 ta buɗe da wasa a Princes Park, jama'a suka cika shi har aka rufe ƙofa wasu na waje, kuma yanzu ana buga ta a Victoria Park da Windy Hill da Moorabbin, inda mutum ke tsayawa a jikin shinge yana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo. A wasannin gasar jiha, inda tawagogi na biyu suke, har yanzu 'yan kallo na shiga fili lokacin hutu su kewaye koci su saurari abin da yake gaya wa yaransa. Ana ta maganar kafa gasar tawagogi na biyu ta ƙasa baki ɗaya, lokaci-lokaci kuma akan haɗa wasan sharar fage da na manya. Jihar Tasmania, wadda aka ba lasisi a 2023 don ta shigo a matsayin ƙungiya ta 19 a 2028, sharaɗin shigarta shi ne sabon fili mai rufi a Hobart mai cin mutum 23,000.